Aikin bincike a Ingila, yarjejeniya a Gombe: wanne za ka fara warwarewa?

Wani ɗan'uwa ɗan Kumo ya rubuto daga Ingila. Malami ne a wata jami'a a jihar Gombe, gwamnati ta biya masa kuɗin makaranta da na abinci har ya gama digirin dokta a kan yadda fata da tsoka ke sake tsirowa bayan rauni. Yanzu wani ɗakin bincike ya yi masa tayin aikin shekara 2. Akwai yarjejeniyar dawowa da ya sa wa hannu, mahaifiyarsa kuma kullum tambayarta yaushe zai dawo. Shi ne yake tambaya ta ina zai fara.

Dokta, barka da wannan nasara. Amma ka bar maganar biza tukuna, ka fara da jami'arka, domin dokar Ingila ma can za ta tura ka. Duk wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa da zamansa a cikin wata 12 da suka wuce, sai ya kawo rubutaccen izinin mai ɗaukar nauyin kafin a ba shi bizar zama bayan karatu ko ta aiki. Saboda haka ka rubuta wa shugaban sashenka da magatakarda, ka nemi a ɗage maka dawowa ko a ba ka hutu ba albashi, ka kuma faɗi ranar da za ka dawo. Kada ka yi shiru ka ɓace. Akwai waɗanda suka tsaya maka, su za a bi, kuma ƙannenka da ke layin neman tallafi su za a rufe wa ƙofa.

In izini ya samu, kada ka karɓi bizar da ta fara zuwa hannu. Ta bayan karatu tana ba mai dokta shekara 3, sai dai ba a lissafa ta a hanyar shekara 5 ta zaman dindindin. Ta ƙwararren ma'aikaci kuwa tana ɗaure ka da wanda ya ɗauke ka, ranar da kuɗin binciken ya ƙare sai ka shiga neman wani. Ka tambayi ofishin ma'aikata ko kuɗin da za a biya ka da shi ya ba ka damar bizar Global Talent, wadda ake ba masu bincike, ta hannun UKRI (hukumar tallafa wa bincike ta Birtaniya) ko Royal Society (ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar). Ita ba ta ɗaure ka da kowa, kuma tafiyar da ka yi waje don bincikenka ba a cika ƙirga ta cikin kwana 180 da aka iyakance wa mai neman zaman dindindin ya yi a wajen ƙasar a shekara ba. Dokokin nan suna yawan canzawa, ka duba shafin gwamnati a ranar da za ka cike.

Shekara 2 kaɗan ce a fanninku. Lasisin aiki da dabbobi a ƙarƙashin dokar Birtaniya ta 1986 kan gwaji da dabbobi zai ci wani ɓangare, kiwon ɓeraye da jiran rauni ya warke su ci saura. Tun ranar hira ka tambayi maigidan ɗakin abu biyu: sunan wa zai zo farko a maƙala, kuma wane reshe na aikin za ka tafi da shi in ka tashi. In ya yi ta kwana-kwana, ka san inda ka dosa.

Reshen da nake so ka nema shi ne ɓera mai ƙaya, Acomys. A 2012 Ashley Seifert da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗanda suka kamo a Kenya suna mayar da fata har da gashi, suna toshe hujin kunne ba tabo, abin da ɓeran gida ba ya yi. Danginsa suna nan a arewacin Najeriya. Masu bincike a Turai kiwonsa suke yi a keji, kai kuwa ƙasarku ce. Ka nemo abokin aiki a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, ku rubuta neman tallafi tare, ku nemi izinin hukuma kafin ku fitar da ko ƙwayar samfuri ɗaya. Da wannan kake da abin ajiyewa a gaban jami'arka in kana roƙon ɗagewa, kuma da shi za ka riƙa zuwa gida da dalilin aiki.

Hajiya kuwa, kada ka ce mata "na kusa". Ka faɗa mata shekara 2 ne, ka sa wata babbar sallah da za ka zo, ka sayi tikitin tun yanzu.