Tambaya da Amsa: Kafin a Kawo Ɗan Kwikwiyo Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɓarayin awaki sun dame mu a unguwa, sai wani abokina ya ce zai ba ni ɗan kwikwiyo in raina don gadi. Satinsa uku da haihuwa. Me zan tanada kafin in ɗauko shi? Daga wani magidanci a Mabera.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka ɗauko shi tukuna. Bar shi wajen uwarsa har ya cika sati 8, domin wanda aka yaye da wuri shi ne ke saurin kamuwa da gudawa, kuma yakan tashi da tsoro da yawan cizo. Sati biyar ɗin nan ka yi aikin gida da su.

Fara da wurin kwanansa. Kuskuren da aka fi yi a Sakkwato shi ne a kafa masa ɗan ɗakin kwano a tsakiyar rana. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka kwano na iya kashe shi a wuni guda. Nemi inuwa, gindin dogon yaro ko jikin katanga, ka shimfiɗa zana a kan rufin. Ƙofar kada ta kalli yamma saboda ranar la'asar, kada kuma ta kalli arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Daɓe ƙasan da siminti, ya ɗan karkata don ruwan wanki ya gangare, sannan a shafe duk wata tsaga a bango, nan kaska ke ɓuya ta yi ƙwai. Idan an taɓa ajiye kare a wurin ya mutu da amai da gudawar jini, canza wuri. Ƙwayar cutar parvo, mai jawo irin wannan amai da gudawa, takan yi watanni a ƙasa da ranta. A siminti kuwa ana kashe ta da Hypo ko Jik, gwangwani 1 cikin ruwa gwangwani 30, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye.

Daga nan ka durƙusa ka dubi tsakar gidanka daga tsayinsa. Murfin rijiya, bakin shadda, wayar janareta, bokitin wanki da aka bari da ruwa, tarin itace inda kunama ke kwana. Maganin ɓera da otapiapia su koma can sama. Butar alwala, tabarmar salla da kwanonin abinci a nisanta su da shi, a ba shi nasa kwano biyu da kowa ya sani, ɗaya na ruwa wanda ba ya bushewa.

TAMBAYA: Likita, maigida ya ce ragowar tuwo da miya ta ishi kwikwiyo, ba sai an kashe kuɗi ba. Haka ne? Daga wata uwargida a Runjin Sambo.

AMSA: Hajiya, tuwon ba laifi, miyar ce matsala. Miyarmu ba ta rasa albasa da tafarnuwa, ga shi nan gari ne da albasa ba ta yankewa, wani gidan ma buhu guda ke jingine a zaure. Albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ba a gani nan take. Bayan kwana biyu ko uku sai a ga ya kwanta lakwas, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, a ce jifa ne ko sammu. Goro, cakulan da zabibi su ma guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Madarar shanu kuma gudawa take sa yawancinsu.

Ki cire masa nasa kafin a sa kayan miya: shinkafa ko tuwo mai laushi, da dafaffen nama ko ƙwai ko kifin da aka zare wa ƙaya. Tuwo zalla ba ya gina ƙashi, shi ke sa ƙafafu su lanƙwashe. A ba shi abinci sau 4 a rana har ya kai wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Abin da bai cinye ba cikin minti 15 a ɗauke, zafinmu ba ya barin abinci. Da ya gama ci a kai shi kusurwa guda da aka ware masa don kashi, kullum wuri ɗaya, a kwashe kafin yara su fito wasa.

TAMBAYA: Ina da yara ƙanana huɗu, haukan kare nake tsoro. Wace allura ake yi, kuma a ina? Daga wani mai karatu a Arkilla.

AMSA: Tsoronka yana kan hanya, Malam, domin ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tsira. Allurar farko, mai haɗe da rigakafin parvo da na distemper (wata cutar karnuka mai sa zazzaɓi, majina da farfaɗiya), ana yinta tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ta hauka a wata 3, sannan duk shekara. Maganin tsutsar ciki duk sati 2 har sati 12, daga nan wata-wata har wata 6, kuma da nauyinsa ake aunawa, ba da ƙiyasi ba. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha. Ka karɓi kati, ka kuma tabbatar daga firji ko kula mai ƙanƙara aka ciro allurar, don wadda ta sha zafi ruwa ce kawai. Kafin a kammala alluran kada ya fita waje ya haɗu da karnukan bola.

Kada a ba shi farasitamol ko ibuprofen na mutane, kada a shafa masa baƙin mai ko kananzir don kaska. Yara kuma a hana su taɓa shi yana ci ko yana barci, su wanke hannu bayan wasa. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, a killace karen kwana 10 ana lura da shi.