Tambayi Likita: Shayi, goro, da zuciyar da ta daina jin daɗin komai

Tambaya: Likita, hutuna ɗaya shi ne shayi a majalisa bayan isha'i, amma barci ya ƙaurace mini. (Wani tela, Zariya)

Amsa: Malam, kada ka bar majalisar, hira da abokai tana sauke gajiya. Shayin ne za ka daina sha daga la'asar, domin kafeyin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke hana barci, yakan kai awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki. Da dare a dafa maka citta da na'ana'a. In an yi wata guda barci bai dawo ba, ka je asibiti.

Tambaya: Ina da hawan jini. In bar goro? (Wani dattijo, Maraɗi)

Amsa: Baba, ɓari ɗaya da safe ya isa, ban da dare. A riƙa auna jinin, in yana hawa a ajiye goron, a koma wurin likita.

Tambaya: Tun da na haihu wata 4 da suka wuce ba abin da ke mini daɗi, ko girki ko biki ko wasa da jaririna. Surukata ta ce rashin godiyar Allah ne, maƙwabciyata kuma ta ba ni maganin tari mai kodin in zuba a lemo. (Wata uwargida, Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye kwalbar nan yau ɗin nan. Abin yana ƙona mini rai, a ga mai jego cikin damuwa a miƙa mata kodin! Yana rage numfashi, yana kama jiki har a kasa rabuwa da shi, kuma yana bi ta nono ya kai ga jariri, ya sa shi barci mai nauyi ya kasa tsotso. Ba banza ba gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Haka tiramadol, shi har jijjiga yake sawa. In kin riga kin saba sha kullum, ki faɗa wa likita gaskiya a janye miki shi a hankali.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Cuta ce da ake warkewa, ba raunin imani ba, kuma addu'a ba ta hana neman magani. Duk wanda ya yi mako 2 a jere abin da yake so da can ya daina yi masa daɗi, ga rashin barci ko rashin cin abinci, a kai shi asibiti. Za a fara auna jininki, domin ƙarancin jini yana kawo irin wannan kasala. In an ba ki magani, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ki fara jin sauƙi, kada ki yanke shi.

Kafin nan, ki zaɓi abu ɗaya ƙarami kullum, ki yi shi ko ba ki jin marmari: zama a tsakar gida minti 15 da hantsi, kitso, ko kiran yayarki a waya. A wannan ciwo sai an fara yi sannan daɗin yake biyowa. A samu mai riƙe miki jariri ki yi barcin rana.

In tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, kada ki kwana da shi. Ki faɗa wa maigida ko mahaifiyarki, a kai ki asibiti nan take. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, amma babban asibitin da ke kusa da ke ma ya isa a fara.

Tambaya: Zobo mai sanyi kullum da rana, akwai illa? (Wata ɗaliba, Kano)

Amsa: Ki sha abinki, sukarin ne abin lura: ƙaramin cokali 1 a kofi.