Allurar Zafin Inji Na Hawa Da Sauka: Kafin Ka Nufi Ladipo Da Kuɗinka

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, kuma duk a kan allurar nan ce da ke nuna zafin inji. Wadda ta fi tsawo ta fito ne daga wani alhaji mai sana'ar dabbobi a Agege da ke Legas. Ga abin da ya rubuto, a taƙaice:

"Ina da Toyota Camry ƙirar 2000, wadda ake ce wa fensir. Idan na shiga go-sulo a Oshodi sai allura ta haura rabi, da hanya ta buɗe sai ta dawo. Wani lokaci kuma sai ta yi tsalle haka kawai ta koma. Bakanikena ya ce in sayi lagireto mai layi biyu, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. In saya?"

Alhaji, a dakata tukuna. A cikin wasiƙarka matsala biyu na gani, kai kuma ka haɗe su ka ba su suna ɗaya, bakanike kuma ya rubuta maka maganin ciwon da bai auna ba.

Mu fara da tsallen. Injin motarka yana ɗauke da ruwa lita 6 zuwa 7, ga kuma tulin ƙarfen da ke kewaye da shi. Ko tukunyar shayi ba ta tafasa a cikin daƙiƙa ɗaya ta huce a ta biyu, balle wannan. Saboda haka duk allurar da ta zabura sama ta faɗo cikin ƙiftawar ido, ba zafi take nunawa ba, waya ce ke mata wasa. A motoci masu shekarun taka akwai ɗan sansa mai waya ɗaya wanda aikinsa kawai aika wa allura saƙo, daban da wani mai waya biyu da ke magana da kwamfutar mota. Soket ɗin ƙaramin kan saki ko ya yi tsatsa, musamman a garin da iskarsa ke ɗauke da laima da gishiri irin Legas. Haka ita ma wayar at, wadda ta haɗa inji da jikin mota da batir. Gwajin ba ya cin ko sisi: mota na tsaye tana sulo, ka kunna manyan fitilu, ka kunna fankar esi, ka danna hon, idonka na kan allura. In ta motsa tare da su, ko kuma ka lura sai ka faɗa rami take zabura, to aikin mai wayarin ne. Ya kankare bakin waya ya ɗaure, magana ta ƙare.

Hawan da take yi a go-sulo kuwa na gaske ne, kuma shi ya fi damuna. Lokacin da allura ke hawa shi ne yake tona mai laifi. Idan mota na gudu, iska da kanta take ratsa lagireto. Idan ta tsaya, fanka ce kaɗai ke jawo iskar. To allurar da ke hawa a tsaye ta sauka a guje, yatsa take nuna wa fanka, ko fis ɗinta, ko rile, ko makunnin da ke tashinta idan ruwa ya kai wajen digiri 93. A irin wannan Camry makunnin yana jikin lagireto daga ƙasa, kuma idan aka zare soket ɗinsa alhali makulli na kunne, fankokin kan tashi nan take. In sun tashi da ƙarfi, injinan da ke juya su da wayoyinsu lafiya lau, makunnin ne abin zargi, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na lagireto ba. In ɗaya ta ƙi tashi, ko tana juyawa kamar mai jin barci, ka san inda kuɗinka zai tafi. A leƙa kuma tsakanin kwandansar esi da lagireto. Na sha ganin an zaro leda da ganye da laka a wurin har cike da hannu biyu.

Da a ce a kan titin Legas zuwa Ibadan take hawa, kana taka totur da kaya a but, sannan ta sauka idan ka rage gudu, da sai in ce ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko ramukan lagireto sun toshe, ko tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsukewa. A nan ne maganar sabon lagireto take da muhalli. Taka ba haka take ba.

Batun cire tamostat kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ka yarda. Na san amsar da ake bayarwa a gareji: wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Zafin Legas da rana yakan tsaya ne wajen digiri 28 zuwa 34. Duk wanda ya je aikin Hajji ya ga motocin Toyota na zirga-zirga a Makka cikin zafin da ya wuce digiri 40, kuma da tamostat ɗinsu kamfani ya sayar da su. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Idan babu shi, injin ba ya saurin ɗumama, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara fetur, filogi ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba na jin akwai mai son motarsa ta ƙara shan mai a banza. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a injuna da yawa tamostat idan ya buɗe yakan toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba. In aka cire shi hanyar ta zauna a buɗe, sai ka ga motar da aka yi wa haka don ta huce ita ce ke tafasa a kan gadar Third Mainland. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

In ana zarginsa, a ciro shi a jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya zai fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe kusan milimita 8, ya kuma rufe idan ya huce. Wanda ke maƙalewa shi ne ke sa allura ta hau ta hau, sannan ta sauko da sauri. A sayi sabo na asali, ba kwance ba, a ɗaura shi ɗan ƙaramin ramin fitar iskarsa yana kallon sama.

Fanka kai tsaye ita ma rufa-rufa ce. Za ta yi ta juyawa ko ana buƙata ko ba a yi, ta gaji da wuri, ranar da ta mutu kuma babu mai gaya maka.

Idan bayan duk wannan an tabbatar lagireton ya toshe ko robarsa ta sama ta tsage, to ka je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, da tsohon a hannunka don a gwada tsawo da bakin tiyo. In motarka otomatik ce, ka tabbata wanda za a ba ka yana da bakuna biyun nan na man giya a ƙasa. Ni dai a nan na fi karkata ga sabo mai kyau a kan tokumbo, wato kwancen ƙasar waje, domin lagireton da aka kwance daga Camry ta 2000 sa'an naka ne, robarsa ta sha zafin shekara ashirin da ɗoriya. In tokumbon aljihu ya kai, a toshe bakunansa a hura masa iska a cikin ruwa a gabanka kafin ka biya. Mai layi biyu ba laifi ba ne, amma ba zai tashi matacciyar fanka ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata hajiya ce a Idi-Araba:

"Honda Accord ce 2004. Kullum da safe direba sai ya zuba mata fiyawata leda biyu ko uku. Allura tana hawa ta sauka kamar lilo. An ce in daina zuba ruwa in sayi kulan. Wanne ya fi, ja ko kore?"

Hajiya, ranki ya daɗe, ba a nan gizo ke saƙar ba. Mota mai lafiya tana iya yin watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Wadda ke shan leda uku kullum tana zubarwa ne ta wani wuri, kuma in kin sayi kulan yau, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, shi ma hanyar zai bi. Lilon allurar ma daga nan yake. Idan ruwa ya yi ƙasa iska takan shiga, sansa ya taɓa ruwa yanzu, anjima ya taɓa tururi, sai allura ta riƙa kai da komo.

A fara da murfin lagireto, domin shi ne mafi arha kuma shi aka fi mantawa. Ba murfi ba ne kawai. Yana riƙe matsi, a jikinsa za ki ga an rubuta 0.9 ko 1.1, kuma wannan matsin ne ke sa ruwan da ya kamata ya tafasa a digiri 100 ya haƙura har wajen 120. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa guduwa ta ƙaramin tankin gefe. A sayi mai lamba daidai da na asali. Daga nan a sa bakanike ya ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, inji a sanyaye, a ga inda zai ɗiga: tiyo, kilif, gindin famfon ruwa, ko ƙarƙashin dashbod inda hita take. A taɓa kafet ɗin gaba ko ya jiƙe.

In ba a ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, sai a duba ciki, kuma nan ne ba na so a kai. Gaskit ɗin tof, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, idan ya ƙone yakan bar alamu: kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto, tiyon sama ya yi tauri mintuna kaɗan da tayar da mota, farin hayaƙi daga salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake riƙewa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya koma rawaya. Ki nemi garejin da ke da shi kafin ki yarda a buɗe tof, kuma in an buɗe a kai shi a auna ko ya lanƙwashe.

Sai bayan an toshe yoyon za mu zo kan tambayarki. Launi rini ne kawai, ba shi ke nuna inganci ba. Na Honda na asali shuɗi ne, na Toyota ja ko ruwan hoda. Abin dubawa shi ne rubutun jikin galan: ya dace da injin alminiyam, kuma an riga an gauraya shi rabi da rabi ko sai an sirka. In na sirkawa ne, da tataccen ruwan nan marar asid da ake ƙara wa batir za a sirka, ba ruwan bohol ba, wanda a unguwanni da yawa na Legas yake ɗauke da ƙarfe ko gishiri. Amfanin kulan a ƙasarmu ba hana daskarewa ba ne, hana tsatsa ne. A wanke tsohon ruwan kaf, kada a haɗa iri biyu. Bayan an zuba, a bar motar tana sulo murfi a buɗe, gabanta a kan ɗan tudu, har fanka ta tashi sau biyu ana cikawa, don iska ta fita. Sauran galan ɗin kuma a ɓoye shi nesa da yara. Yana da zaƙi a baki, kuma guba ne mai kisa.

Ki ja wa direban kunne a kan abu biyu. Kada ya taɓa buɗe murfi inji na da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu a haka. In kuma allura ta doshi ja a hanya, ya kashe esi, ya sauka gefe, ya kashe mota. "Saura kaɗan mu isa gida" ta buga injuna masu yawa.

Na ƙarshe wani matashi ne a Mile 12 da ke son sayen Corolla 2005 don yin haya. Ya ce sun zaga da ita kusan minti 20 allura ba ta bar ƙasa ba, mai sayarwa kuma ya ce alamar injin mai sanyi ne.

Ƙanena, kada ka yi cinikin biri a sama. Injin lafiyayye yakan kai allura kusa da tsakiya cikin minti 5 zuwa 10 ta zauna daram. Wadda ta ƙi tashi, ko an cire tamostat, ko an haɗa fanka kai tsaye, ko allurar ba ta aiki. Biyun farko sau da yawa bayan mota ta taɓa obahitin, wato zafin da ya wuce kima, ake yin su. Wannan bai hana sayen motar ba, amma ya kamata ya taɓa farashinta. Ka koma da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, ka ɗora hannu a kan inji ka ji da sanyi. Buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwan ja ne na tsatsa ko akwai maiƙo a kai. Murɗa makulli, esi a kashe, ka saurara ko fanka ta tashi tun inji bai ɗumama ba. Ka tafi da mai na'urar sikanin, ya soka ta a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari ya karanto zafin ruwa da lamba. Ku bar ta tana sulo rabin awa da esi a kunne, kuna kallon lambar. Ya kamata ta zauna tsakanin 82 da 90 da 'yan kai, ta sauko duk lokacin da fanka ta tashi. In mai motar ya ƙi yarda da wannan rabin awar, ka yi masa godiya ka nemi wata.