Kwamfuta na zafi bayan sa sabon katin hoto

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sa katin hoto na RTX 3090 a kwamfutar da kake tace bidiyo da ita, fankoki sai ƙara, aiki kuma sai tafiyar hawainiya, kana tambaya ko ka ƙaro fanka.

Kafin ka kashe ko sisi, duba hanyar da iskar take bi. Katin nan shi kaɗai yana jan wat 350, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa a cikin akwatin. Ana so iska ta shigo ta gaba, ta ratsa katin da furosesa (wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfutar), ta fice ta baya da sama. Yawancin fankoki suna da 'yar kibiya a gefe mai nuna inda suke hurawa. Na sha ganin ta baya an ɗaura ta a juye, tana mayar da zafin ciki.

Ni dai na fi son masu shigo da iska su ɗan rinjayi masu fitarwa, biyu ko uku a gaba, ɗaya a baya. Da haka iska za ta riƙa fita ta ramukan akwatin maimakon ta zuƙo ƙura ta nan. Da hunturu wannan ba wasa ba ne. Ciro ragar gaba ka ga yadda ƙura ta lulluɓe ta kamar bargo. Wanke ta, ta bushe sarai, ka ɗauke akwatin daga ƙasa, ka janye shi daga jikin bango.

Sannan ka sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ka lura da zafin ana cikin aiki. In furosesa yana kaiwa digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Celsius, da kansa yake rage gudu. Canza man da ke tsakaninsa da abin sanyaya shi tukuna.