Jaririn da Ake Ba Madarar Akuya Ya Yi Fari: Me Ya Jawo?

Tambaya: Salamu alaikum, likita. Jikana ne, watansa shida. Nonon uwar ya ƙafe tun yana wata biyu, muka koma ba shi dafaffiyar madarar akuya. Yanzu ya yi fari, ga rigima, ba ya ƙara nauyi. Mun ba shi maganin ƙarin jini na kemis, shiru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da na fi zargi shi ne ƙarancin folet, wato bitamin B9. Jariri na buƙatar kusan maikrogiram 65 a rana har wata shida, daga nan 80 har shekara. Nonon uwa yana biyan wannan buƙata. Ita kuwa madarar akuya, lita guda da ƙyar take kai maikrogiram 10, tafasawa kuma tana ƙara rage ɗan abin da ke ciki.

Da folet ɓargo ke haɗa jajayen ƙwayoyin jini. In ya gaza, sai su riƙa fitowa manya-manya, 'yan kaɗan, su mutu da wuri. Shi ya sa tafin hannu da cikin ido ke yin fari, harshe ya yi ja ya yi sulɓi, wani lokaci har da gudawa, girma ya tsaya. Idan ayon, wato sinadarin ƙarfe, ne kaɗai a maganin kemis ɗin, ba zai taɓa wannan ciwo ba.

Ku kai shi asibiti a yi cikakken gwajin jini, a duba maleriya da sikila, domin su ma suna ƙarar da folet. A duba bitamin B12 kafin a fara magani: folik asid, wato folet na magani, yana iya gyara jini alhali ƙarancin B12 na ci gaba da lalata jijiyoyi a ɓoye. Yawanci ana ba jariri folik asid maikrogiram 500 kan kowane kilo na nauyinsa kullum, har wata huɗu, amma likita ne zai auna, kada ku ɓallo ƙwayar manya. In numfashinsa ya yi sauri ko ya ƙi shan komai, ku tafi yau ɗin nan.

A bar madarar akuya, a koma madarar gwangwani ta jarirai. A fara masa kunun gyaɗa, faten wake da ƙwai. Alayyafo ko zogale kuma a zuba su daf da saukewa, a murƙushe masa.