Salbiyar da ke fure da kaka don ƙudan zuma

Ɗan'uwa, ka tambaya wace shuka za ka dasa da za ta ciyar da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da kaka, lokacin da sauran furanni suka ƙare. Ni dai salbiya zan nuna maka, wato Salvia leucantha, wata shukar furanni wadda asalinta daga Meziko take.

Ba ta sakin fure sosai sai yini ya fara gajarta, dare ya yi tsawo. A nan ne za ka ga dogayen zangarniyoyi masu launin shunayya, masu laushi kamar karan-miski, fararen furanni ƙanana suna leƙowa daga ciki. Ka tsaya kusa da hantsi, kunnenka zai cika da kukan zuma. Saboda wannan ɗabi'a tata ta jiran dogon dare, kada ka dasa ta ƙarƙashin fitilar da ke kwana a kunne, hasken yana jinkirta furen.

Ka ba ta rana ta aƙalla awa 6, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, don saiwarta na ruɓewa a taɓo. Ka bar mata tazarar mita 1, tana bajewa. Taki kaɗan ya ishe ta. In ya yi yawa rassan sai su kwanta. Tun tana ƙarama ka riƙa tsinke kan rassanta don ta yi duhu, ka daina da tsakiyar lokacin girmanta.

In kana son ƙari, yanki reshe ɗanye mai santimita 10 ka soka a yashi mai danshi, zai yi saiwa. Maganin ƙwari kuwa, don Allah kada ka fesa mata tana cikin fure.