Amsa: Takobin Japan mai tsatsa da tsaga a baki

Malam, ka ce ka sayi tsohon takobin Japan, akwai tsatsa da 'yar tsaga a bakinsa, kana tunanin goge shi da kanka. Don Allah ka dakata tukuna.

Fara duba tsagar. In ta tashi daga kaifin ta hau tsaye ta ratsa layin nan mai kama da hazo da ake kira hamon, to ita ce hagire, kuma ba ta da magani, domin ƙarfen ne ya tsage tun daga wurin da aka ƙona shi ya yi tauri. Irin wannan takobi da wuya ya samu takardar shaida daga NBTHK, ƙungiyar da aka kafa a 1948 don adana takubban Japan, wadda kuma ke tantance su. Amma in ɗan gibi ne a baki, ko siririn layi da ke bin tsawon takobin, wannan da sauƙi, gwanin wasawa na iya rage shi.

Abin da na fi jaddada maka shi ne wutsiyar takobin da ke cikin mariƙi, wadda ake kira nakago. Kar ka taɓa tsatsarta ko da yatsa. Da launin baƙar tsatsar nan masana ke kimanta shekarunsa, nan ma maƙeri ke sa sunansa, kodayake sunayen jabu sun yi yawa.

Mai wasa takobi a Japan kan shafe kusan shekara goma yana koyo. Kafin ka samu irinsa, shafa ɗan mai mara nauyi a ruwan takobin, ka ɗauko mana hoton tsagar a haske.